Ranar da Aka Wanke Randunan Bayan Tabki

Injiniya Abdulra'uf irin mutanen nan ne da in aiki ya fitar da su bayan gari, tattalin takalminsu ya fi tattalin aikin. Tun daga Damagaram har suka shigo Matameye bai sauke gilashin mota ba, bai kuma rufe baki ba. Yana gaba kusa da direba yana ba da labarin tarurrukan da ya halarta a Yamai da irin abincin da aka ci, Najaha kuwa tana baya, akwatin ƙanƙara tsakanin gwiwoyinta, kwalaben gwaji suna ƙara a ciki, tana kallon ƙeyarsa mai ninki biyu. A takarda, sunan aikinta mai taimaka wa bincike. A zahiri ita ke wanke kwalabe, ita ke ɗauka, ita ke shiga gidaje, ita ke yin gwajin, shi kuma ya sa hannu.

Abin bai dame ta ba, don ba saboda shi ta zo ba. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a tana karatun aikin ruwa da tsabtar muhalli, kuma ƙungiyar agajin da ta ɗauke ta sitaj, wato koyon aiki, tana da foraj guda ɗaya da za ta haƙa bana, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tanki a sama, famfuna a ƙasa. Wurare biyu ke jira: wani ƙauye a ƙasar Dungu, da unguwar Bayan Tabki a gefen Matameye. Ƙa'idar ba ta da wuya. Za a ɗebi ruwa daga randunan gidaje a wuraren biyu a gwada, inda ruwan sha ya fi ƙazanta nan za a haƙa. Rijiyoyin kansu ba a ma bi ta kansu ba. Injiniya ya ce kowa ya san buɗaɗɗiyar rijiya ba ta da kirki a ko'ina, abin da masu ba da tallafi ke son sani shi ne abin da ke cikin moɗa lokacin da za ta kai baki.

A Bayan Tabki aka yanke wa Najaha cibi, saboda haka ba ta bukatar kwalba ta gaya mata abin da ke cikin moɗar. Rijiyar unguwar tana gangare, salgogin gidaje suna tudu, kuma da damina duk abin da ke tudu gangare yake nufa. Habi, matar yayanta, ta binne ɗanta na fari a daminar da ta wuce, gudawa da amai suka ɗauke shi kafin a gama shawarar kai shi asibiti. Yanzu tana goye da na biyu, Marwan, wanda aka fara ɗura wa ruwa. Najaha ta tabbata in dai ƙazanta ake nema, unguwarsu ba ta da abokin takara. Tun da take, wannan ne karo na farko da ta yi alfahari da wurin.

Matsalarta ɗaya, mahaifiyarta. Hajiya Baiwa 'yar gidan fatake ce daga Birnin Damagaram. Aure ya kawo ta Matameye, mijin ya rasu, arzikin ya bi shi, amma hancin yana nan inda yake. Ɗakinta cike yake da jeren kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, kuma ko garin kwaki aka kwana a kai, da safe sai ta turara gidan kamar an yi walima. Najaha tana sonta, kuma tana raina ta, duka biyun da zuciya ɗaya.

Dokar aikin ta ce kada a sanar da kowa ranar zuwa. Amma ba ka shigowa garin uwarka ta ji a bakin mutane, don haka Najaha ta buga mata waya.

"Ran Talata za mu zo, Inna, ni da shugabana. Ruwan randuna za mu duba."

"Duba me a ciki, Auta?"

"Tsabtarsa. Maganar foraj ce."

"Wato in an duba sai a ba mu?"

"Kusan haka. Ke dai kada ki gaya wa kowa."

Ta kashe wayar. Bayanin da ya rage bai fi numfashi biyu ba, amma tun da ta shiga jami'a ta yanke wa kanta cewa yi wa Inna bayani asarar yawu ce. Tsohuwar da har yau take cewa gudawar yara haƙori ne, me za ta gane a ƙwayar cutar da ido ba ya gani.

Da motar ta karya kwanar unguwar ran Talata, sai Najaha ta ga kamar ba unguwarsu ba. An share layin tas, an yayyafa ruwa. Kwatar da ta saba tsallakewa tun tana yarinya an cike ta da yashi. Yara sun yi wanka a ranar da ba Juma'a ba, an rambaɗa musu kwalli, an jera su a jikin katanga suna kallon mota a tsorace. A ƙofar gida Hajiya Baiwa ce tsaye cikin kayan da ta sauko da su daga Makka, tana murmushi daidai yadda haƙorin zinaren zai fito.

Injiniya ya leƙa ƙasa, ya ga babu abin da zai taɓa takalminsa, ya sauko.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Hajiya. "Ga gidan 'yarka. A shigo, ba mu da abin ɓoyo."

Randar tana inda take kullum, gindin bishiyar darbejiya, amma Najaha da ƙyar ta gane ta. An goge ta har ta yi ja, gansakukar da ta yi mata ɗamara shekara da shekaru ta tafi, an rufe ta da sabon faifai, sabuwar moɗa tana rataye a ƙusa. Najaha ta buɗe, ta hango gindin randar ta cikin ruwan. Ba ta taɓa ganin gindin randar nan ba sai yau.

Ta cika kwalbar gwaji ta sa a ƙanƙara, sannan ta ɗebi kaɗan a 'yar ƙaramar kwalba ta jefa ƙwaya. Aikin ƙwayar ɗaya ne, ta nuna ko akwai jabel a ruwa, irin wanda ake sa wa ruwan famfon cikin gari don kashe cuta. Ruwan rijiya ba shi da shi, ko ka kwana kana girgizawa fari zai tsaya. Wannan kuwa kafin ta gama girgiza ya koma ja-ja.

Injiniya ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama, fuskarsa ta cika da annuri.

"Wala, madalla. Kin gani, Najaha? Shekarun baya ni na jagoranci wayar da kai a wannan yankin, muka raba ƙwayoyin tsabtace ruwa gida gida. Wasu suna cewa aikin banza ne. To ga shi nan. Hajiya, har yanzu kuna sa maganin ke nan?"

Hajiya ba ta san wane magani ake nufi ba, amma ba a taɓa yabonta ta musa ba.

"Kullum, ranka ya daɗe. Mu ai tsabta a jininmu take."

Ƙwayoyin da yake magana a kai, Najaha ta tuna su sarai. Rabinsu a tebur ɗin masu kayan koli suka ƙare ran kasuwa, sauran an jiƙa fararen kaya da su.

Gida na biyu haka, na uku haka, har ƙarshen layi. Ko gidan tsohuwar da akuyoyi ke shan ruwa tare da ita a mazubi ɗaya, yau randarta na rufe da sabon faifai. Injiniya yana ɗaukar hoto, yana gyaɗa kai, yana faɗa wa direba sunan taron da zai kai wannan labari. Da suka dawo gidan Hajiya cin abinci, don an yanka kaji, Najaha ta ja Habi bayan madafa.

"Daga ina ruwan nan?"

Habi ta gyara goyonta, tana dariya ƙasa-ƙasa irin ta wadda aka yi abin kirki da ita.

"Tun ran da kika yi waya Hajiya ba ta zauna ba. Gida gida ta bi. Ta ce 'yarta za ta zo da manya, duk wadda ta bari aka ga tsutsa a randarta, to ita da ita har abada. Jiya 'yan garuwa suka wuni suna turo kura daga famfon cikin gari. Wadda ba ta da hali, Hajiya ta saya mata. Tunkiyarta ta sayar."

"Na rijiyar fa?"

"An ba dabbobi." Habi ta dube ta. "Ai wanda ya ci jarrabawa shi ake ba kyauta. Ko ba mu ci ba?"

Najaha ta kalli yaron da ke barci a bayan Habi, bakinsa a buɗe. Ta ce ana kiranta, ta fita.

A ɗakin da ƙungiyar ta ware don gwaji ta tace kowane ruwa ta cikin 'yar farar takarda, ta shimfiɗa takardun a ƙananan faranta, ta jera su a akwati mai ɗumi. In akwai ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida, washegari za ta tsiro ɗigo-ɗigo, rawaya. Washegari ta buɗe. Farantan Bayan Tabki fari fat. Na Dungu kuwa, da suka ɗebo ba tare da kowa ya san da zuwansu ba, matan suna sharar gona, randuna a buɗe, sun fito kamar an barbaɗa musu gero.

Haushi ya hana ta cin abinci. Haushin Inna, haushin matan unguwa da suka bi ta kamar tumaki, haushin mutanen da za su gwammace su binne ɗa da baƙo ya ga dattin randarsu. Ta jira har ta tabbata ruwan sayen ya ƙare, ta hau kabu-kabu ita kaɗai, ta shiga unguwar ta bayan layi lokacin da Hajiya ta tafi gidan suna. Randuna sun koma halinsu, faifan sun koma kan kwanonin tuwo. Ta ɗebo, ta tace, ta sa a akwati. Farantan suka fito sun fi na Dungu muni, wasu ma rawayar ta haɗe babu wurin soka allura.

Ta ɗauke su a tire ta kai ofishin Injiniya ta ajiye masa a kan tebur, kusa da shayinsa. Ya ja kujera baya.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan Bayan Tabki ne, Shef. Na gaskiyar. Wancan na famfo ne suka saya don zuwanmu."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Bon." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, a hankali, yadda yake yi in zai koyar da wanda yake ganin bai kai ba. "Tsarin aiki ya ce ɗiba ɗaya, rana ɗaya, a gabana. Ke 'yar unguwar ce. In na aika wannan Yamai, cewa za su yi 'yar sitaj ta tsoma yatsa a kwalba don a kai famfo ƙofar uwarta. Sannan ma, in shiri aka yi mana, wa ya gaya musu za mu zo?"

"Ni ce."

Ta yi zaton zai yi faɗa. Murmushi ya yi, na mutumin da aka miƙo wa abin da yake nema.

"To kin ga kin rufe maganar da kanki. In na rubuta haka, binciken gaba ɗaya ya rushe. Kafin a sake wani, shekara ta ƙare, tallafin ya koma inda ya fito. Unguwarku ba ta samu ba, Dungu ba su samu ba, ke kuma ki nemi wanda zai sa miki hannu a takardar gama karatu. Ko yaran Dungu ba yara ba ne? Kwashe abin nan daga kan teburina, yana wari."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a wannan gaɓar bai yi ƙarya ba. Mutum ne da bai taɓa leƙa cikin randa ba, wanda ya fi son labarin nasararsa da gaskiya, amma ga shi yau ya dafa gaskiya ya tsaya a kanta saboda ta yi daidai da bukatarsa. Ta kwashe farantan ta ƙona su a bayan ofis. Rahoton da ya ce mazauna Bayan Tabki suna tsabtace ruwansu yadda ya kamata, kuma ba su cikin bukatar gaggawa, da yatsunta ta buga shi. Shi ya sa hannu.

Ranar da za ta koma Damagaram, Hajiya ta rako ta har tasha.

"Mun dai fid da ke kunya ko, Auta?"

"Kun fitar, Inna."

Najaha ba ta gaya mata sakamakon ba. Ta gaya wa kanta haushi ne ya hana ta magana, daga baya ta ce tausayi ne, tsohuwa ta sayar da tunkiya. Duk wayar da suka yi sai ta ce caji zai ƙare. Ana cikin haka ƙungiyar ta aiko aka kafa allon ƙarfe a bakin layi, an rubuta da Faransanci cewa wannan unguwa abar koyi ce wajen tsabtar ruwa, da hoton mace tana murmushi kusa da randa. Matan unguwa suka ɗauka nan ne za a haƙa. Kowace safiya sai an share gindin allon, an hana yara wasa a wurin, mai tuyar ƙosai da ke zama a nan aka tashe ta. Damina ta zo ta yi abin da ta saba. Marwan ya kwanta, aka yi ta jigila da shi asibiti, ya tashi da ƙyar, wuyansa kamar kara.

Bayan kaka aka gama foraj ɗin Dungu, aka sa ranar buɗewa. Injiniya ya zo da dabarar da ya yi ta yabon kansa a kai: a ɗauko Hajiya Baiwa a mota ta je ta koya wa matan ƙauyen yadda ake kula da randa. Hajiya ta amsa tun kafin a gama tambayarta. Ita aka sa a gaba, Injiniya ya koma baya kusa da Najaha, yana ta jan ƙafarsa kada akwatin kaya ya goge masa takalmi.

An kafa rumfa, an jera kujerun roba, tankin yana sama yana ƙyalli. Bayan manya sun gama jawabansu aka miƙa wa Hajiya abin magana. Ta tsaya gaban matan ƙauyen da ke zaune a ƙasa, ta dube su daga sama har ƙasa.

"An ce da aka duba randunanku, abin da aka gani ba ya faɗuwa. To ku ji. Mace randarta ita ce fuskarta. Mu a Matameye, manya sun zo ba zato ba tsammani, suka duba gida gida, ko ɗigon datti ba su samu ba. Ga allo can an kafa mana. Ku kuwa an ji tausayinku ne aka fara da ku. Sai ku gyara hali."

Matan suka sunkuyar da kai. Injiniya ya fi kowa tafi. Najaha tana tsaye a bayan rumfa riƙe da kwalaben ruwan manyan baƙi, tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Aka yanke ƙyalle, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi. Mata suka yi guɗa, suka tashi da bokitai da jarkoki suka ja layi. An fara miƙa wa Hajiya kofi. Ta sha, ta riƙe a baki, ta haɗiye, sannan ta zagayo bayan rumfa wurin 'yarta tana goge baki da gefen mayafi.

"Ruwan da daɗi, ba laifi. Auta, namu fa, yaushe? Mata sun dame ni da tambaya. Ki yi wa shugaban naki magana, kada a kai wata daminar. Yaron nan ba zai iya wata ba."

Najaha ta ajiye kwalaben a kan kujera. Ta nemi wata hanyar kaucewa, ta ga duk ta ƙarar da su.

"Guda ɗaya ne, Inna."

"Na'am?"

"Foraj ɗin guda ɗaya ne. Na waɗanda ruwansu ya fi ƙazanta ne. Namu ya fi nasu ƙazanta, na gwada daga baya na gani. Da an tarar da randunan yadda suke kullum, da yanzu a ƙofar gidanmu kike tsaye."

Hajiya ba ta motsa ba. Ta juya ta kalli tankin, ta kalli layin matan, ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda Najaha ta sani ba ce, ƙasa-ƙasa take, babu ado a cikinta.

"Ranar da kika yi mini waya, kin san haka?"

"Na sani."

"Na tambaye ki."

Najaha ta kawar da kai.

"Na tambaye ki, Auta. Na ce in an duba sai a ba mu."

Daga cikin rumfa Injiniya yana ɗaga hannu, yana kiran Hajiya ta zo a yi hoto da manyan baƙi. Ba ta waiwaya ba. Ta miƙa hannu kan kujera ta ɗauki ɗaya daga cikin kwalaben da baƙi suka shanye, ta girgiza ta, ta ɗauki ta biyu. Ta gyara mayafin Makka, ta taka a hankali ta wuce gaban rumfa, ta wuce masu hoto, ta je can ƙarshen layi, bayan matan da ta gama yi wa faɗa, ta tsaya tana jiran a zo kanta.